Liyarin 1780, shekarar da ke ruɗa magada

Ba abin da ke gajiyar da masu tara tsoffin kuɗi kamar a kawo musu liyari, a nuna 1780 a jikinsa, a yanka masa kuɗin gida guda. A Gadarif, inda Hausawa maniyyata suka yada zango har suka zama 'yan gari, akan tsince shi a kayan kakanni, domin da shi fatake ke ciniki a hanyar Gallabat zuwa Habasha.

Shekarar ce tarkon. Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, mai hoton da ke jikinsa, ta rasu a 1780, amma kasuwa ta riga ta yarda da kamanninta. Sai aka ci gaba da buga shi ba a taɓa shekarar ba. Landan, Faris, Roma da Bombay duk sun buga, Biyana kuwa har gobe tana bugawa. Adadinsa ya haura miliyan 300, ta ina zai yi wuyar samu?

Mai karatu, galibinsa sikeli ke yanka masa farashi: giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Kafin ka kai shi kasuwa, tambayi tsofaffin gida ayarin da ya kawo shi hannun kakarka.