Sandar girma

Sandar girma, wadda ake kira sandar sarauta ko kandiri, doguwar sanda ce mai ado da gwamnati ke miƙa wa sarki a bainar jama'a domin tabbatar da naɗinsa. Ana amfani da ita a masarautun Arewacin Najeriya, ciki har da Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Jihar Zamfara. Ba sandar dogarawa ba ce kamar kwagiri, kuma ba makami ba ce kamar gora ko kulki. Darajarta tana zuwa ne daga hukumar da ta bayar da ita.

Siffa da ƙira

Ana yin jikin sandar da katako mai ƙarfi, sannan a ɗora mata kai na ƙarfe mai daraja, a ɗaure ƙasanta da ƙarfe don kada ta cinye. A ƙasar Hausa aikin azurfa da tagulla da zinare na maƙeran fari ne, yayin da maƙeran baƙi ke ƙera fartanya da gatari da mashi. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a yankin, an hana namiji yin ado da zinare, amma an yarje masa zoben azurfa da yi wa takobi ado da azurfa.

Kafin zuwan Turawa

Riƙe sanda a matsayin alamar shugabanci ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma har yau limamai suna dogara da sanda lokacin huɗubar Juma'a da ta Idi. Sai dai manyan kayan sarauta na dā sun bambanta daga gari zuwa gari. Kano tana da Tagwayen Masu, Katsina tana da takobin nan da ake kira Gajere, kuma tambura suna cikin alamomin sarki a fadoji da yawa. Bayan jihadin 1804, tutar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba jagororin yaƙi ita ce ta zama shaidar halaccin mulkinsu.

Zamanin mulkin mallaka

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna. An kasa sarakuna daraja-daraja, kowace daraja da irin sandarta. Sarki mai daraja ta ɗaya yana karɓar doguwar sanda mai kan azurfa, mai daraja ta biyu kuma mai kan tagulla. Kafin a miƙa sandar, sarki Musulmi yakan yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa zai yi biyayya ga Sarkin Ingila. Daga nan ne kalmar "sarkin yanka mai sanda" ta samu nauyi, domin sandar ta nuna cewa naɗi da tuɓewa sun koma hannun gwamnati. Bayan samun 'yanci a 1960 gwamnan Jihar Arewa ya gaji wannan iko, sannan gwamnonin jihohi daga 1967.

A Anka da Gummi da Bukkuyum

Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara, magajin tsohuwar daular da Gobirawa suka ci babban birninta a ƙarni na 18. A zamanin En'e, Anka da Gummi da Bukkuyum gundumomi ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, saboda haka masu riƙe da su hakimai ne da ake naɗawa daga Sakkwato. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ɗaga su zuwa masarautu masu cin gashin kansu, kuma gwamnan jiha ne ke miƙa wa sarakunansu sanda. Sarkin Zamfaran Anka, Alhaji Attahiru Muhammad Ahmad, shi ne shugaban Majalisar Sarakunan jihar. A 2013 Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya bar kujerar Babban Alƙalin Babbar Kotun Abuja ya zama Sarkin Mafaran Gummi.

Miƙawa da karɓewa

Bikin miƙa sanda yakan zo ne bayan naɗi, wani lokaci da tazara mai yawa. An naɗa Aminu Ado Bayero Sarkin Kano a watan Maris na 2020, amma sai a watan Yulin 2021 aka ba shi sanda. Gwamnatin da ta bayar tana kuma iya karɓewa. A Zamfara an tuɓe Sarkin Maru a 2019, sannan sarakunan Zurmi da Ɗansadau a 2022, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Wannan ne ya sa masu neman a ba sarakuna matsayi a kundin tsarin mulki ke cewa makomar sarauta ta dogara da ra'ayin gwamna, yayin da wasu ke ganin wajibi ne zaɓaɓɓiyar gwamnati ta iya ladabtar da sarki.

A wasu ƙasashe

An samu sanduna fiye da 100 a kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a Masar a 1922, wasunsu da adon zinare. A ƙasar Asante ta Gana, kakakin sarki yana riƙe sanda da aka lulluɓe da fallen zinare, kuma siffar da ke kanta tana wakiltar karin magana. A Turai, sandar tafiya ta zama kayan ƙawa na attajirai tun ƙarni na 17. Kamfanin Fabergé na Rasha ya shahara da mariƙan sanda na zinare da inamel, wato garin gilashi mai launi da ake narkawa a kan ƙarfe da zafin da ya kai digiri 750 zuwa 850. Irin waɗannan sanduna ana sayar da su a kasuwannin kayan tarihi, amma sandar girma kayan masarauta ce da ba ta shiga kasuwa.