Farauta da Kare da Shaho a Ƙasar Sham a Ƙarni na 12: Shaidar Usama ibn Munƙiz

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa labarin fita daji da karnuka da tsuntsayen farauta madogara ce ta tarihi wadda ta cancanci kulawar manazarta. Za mu ɗauki misali daga littafin Kitabul I'itibar na Usama ibn Munƙiz, wanda aka haifa a Shaizar a 1095, ya rasu a Dimashƙa a 1188. Larabawa sun bambanta bazi da saƙaru da shahin, amma saboda sauƙin bayani, duk za mu kira su shaho.

Marubucin da Zamaninsa

Shaizar ƙaramin birni ne mai ganuwa a bakin kogin Asi, arewa maso yamma da Hama. Usama ya tashi a lokacin da mayaƙan Turai 'yan Salibiyya suka shigo Sham, har suka ci Ƙudus a 1099. Ya shifta littafinsa yana dab da shekara casa'in, ya keɓe sashen ƙarshe ga abin da ya gani na farauta. Kwafin littafin guda ɗaya ne ya tsira, shi ne wanda Hartwig Derenbourg ya gano a ɗakin karatu na Escorial a ƙasar Sifen a 1880.

Tsarin Farautar

Jigon wannan sashe shi ne mahaifin marubucin, Murshid, wanda ya ƙi sarautar Shaizar ya bar wa ƙanensa. Ayyukansa, ban da yaƙi, su ne rubuta Alƙur'ani da farauta: yau ya fita daji, gobe ya zauna ya yi rubutu. Wuraren farautarsa biyu ne. Akwai dutsen da ke kudu da gari, inda ake samun makwarwa da zomo, akwai kuma fadamun bakin kogi, inda ake samun tsuntsayen ruwa da barewa.

Usama ya bayyana cewa mahaifinsa yakan tsara fitar tamkar mai shirin yaƙi, ba a hira, kowa da aikinsa. Dabbobin ma haka suke: wasu karnuka su tayar da tsuntsu daga cikin ciyawa shaho ya kama, su kuwa karnukan saluƙi masu dogayen ƙafafu su bi zomo da barewa. A al'adar Larabawa, idan barewa ta fi ƙarfin gudun kare, akan saki shaho ya riƙa dukan fuskarta har karnuka su cim mata.

Abin da Labarin ke Koyarwa

Da farko, farauta makaranta ce. A nan ne 'ya'yan sarauta ke koyon sukuwa a wuri mai wuya, da bin umarni, da sanin lungunan ƙasar da za su kare gobe.

Na biyu, tana bayyana hulɗar da littattafan yaƙi ba su cika ambata ba. Murshid yakan aiki mutane har Ƙusɗanɗiniyya su sayo masa shaho. Sarakunan Armeniyawa, waɗanda Kirista ne, sukan aiko masa da tsuntsaye, shi kuma ya mayar musu da dawaki da turare da tufafin Masar. Ashe ke nan, a zamanin da ake ɗauka na gaba ce zalla tsakanin addinai, kyauta da ciniki ba su yanke ba.

Na uku, tana nuna matsayin dabba a zukatan mutanen. Akwai wani shaho mai suna Yahshur wanda ya shekara goma sha wani abu a hannun Murshid, yana ajiye shi kusa da shi a cikin gida. Da tsuntsun ya mutu a Shaizar, sai mai garin Hama, wanda akan ba shi aronsa, ya sa aka ɗauke shi a makara aka binne. Duk wanda ke zaton Musulmin wancan zamani ba su shaƙu da dabbobinsu ba, wannan ya ishe shi amsa. Shari'a ma ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida.

Kammalawa

A 1157 girgizar ƙasa ta rushe Shaizar, ta hallaka kusan dukkan zuriyar Munƙiz da ke cikinta. Da Usama bai rubuta ba, da wannan ilmi ya tafi tare da su. A nan ne darasin ya shafe mu. Muna da 'yan farauta masu fita da karnuka da rani, kuma Buzayen Azawak a Nijar da Mali suna da irin karensu da ya yi suna a duniya. Sanin yadda ake horar da kare, da kirarinsa, da dokar rabon nama, galibinsa yana bakin tsofaffi ne, ga kuma daji yana ƙarewa. Ya kamata sassan tarihi da na Hausa a kwalejojinmu su tura ɗalibai su tattara shi tun masu shi suna raye.