Fadar Sarkin da Ta Koma Masaukin Baƙi

Mai karatu, in kai ma'abocin finafinan James Bond ne, to ka san fim ɗin Octopussy na 1983, wanda Roger Moore ya fito a ciki tare da Kabir Bedi, mugun nan na Khoon Bhari Maang. Ka tuna wani farin gida a tsakiyar ruwa, cike da 'yan mata, wanda sai da kwalekwale ake isa gare shi? To ba ginin wasa ba ne aka harhaɗa don fim. Otel ne na gaske, sunansa Lake Palace, yana cikin tafkin Pichola a birnin Udaipur na ƙasar Indiya.

Asalinsa fada ce. Sarkin Mewar, Maharana Jagat Singh na Biyu, shi ya gina ta tsakanin 1743 zuwa 1746 da farin dutsen marmara, ya raɗa mata suna Jag Niwas. Nan yake zuwa shan iska idan zafi ya matsa. Talaka kuwa sai dai ya hango daga bakin ruwa.

Ana nan sai zamani ya juya. Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, masarautu suka narke cikin sabuwar ƙasa, mulki ya suɓuce daga hannun sarakuna, aka bar su da albashi. Lokacin da Bhagwat Singh ya hau gado a 1955, abin da ya tarar shi ne manyan gidaje masu cin kuɗi, ga barori, ga bango yana ruɓewa saboda danshi. Ya zai yi? Sai ya yanke shawarar da a wancan lokaci ba ƙaramin zubar da girma ba ce: ya buɗe ɗakunan kakanninsa ga duk mai kuɗin biya. A 1963 fadar ta zama otel.

Ni dai a ganina mutumin ya yi hangen nesa. Domin a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke albashin sarakunan ɗungurungum, har da sarautun nasu. A shekarar ce kuma kamfanin Taj ya karɓi tafiyar da otel ɗin, ya ƙara masa ɗakuna, kuma shi ke riƙe da shi har yau.

Sai dai fa dukiyar da ya ceto ita ta raba masa gida. A 1983 babban ɗansa Mahendra ya maka shi kotu kan kadarorin gidan. Uban ya fusata, ya cire shi daga wasiyya, ya danƙa al'amura ga ƙanensa Arvind, sannan ya rasu a 1984. Shari'ar ta yi ta ja har shekara talatin da ɗoriya. Mahendra ya mutu a Nuwamban 2024, Arvind ya bi shi a Maris na 2025.