Yadda Dishewar Murya Ta Sami Daraja a Andalus

Mutanen Sifaniya suna kiran abu mai zurfi hondo, kalmar da ta samo asali daga fundus ta Latin, wato gindin abu. Da tafiya ta yi tafiya, harafin f ya koma h, sannan mutanen arewacin Sifaniya suka daina furta shi tun wajen ƙarni na 16. Talakawan Andalus, can kudu, suka riƙe shi suna fitar da shi daga maƙogwaro, har aka riƙa rubuta kalmar jondo. Da wannan lafazi na ƙauye aka raɗa wa tsofaffin waƙoƙin flamenco na baƙin ciki suna cante jondo, waƙa mai zurfi.

Amma wace murya ce ta dace da ita? A ƙarni na 19 an yi wani mawaƙi ɗan ƙabilar Gitano daga yankin Kadis, ana ce masa El Fillo. Muryarsa disasshiya ce, mai kauri da kaushi, kamar ana jawo guga daga tsohuwar rijiya. A littafin Escenas andaluzas na Estébanez Calderón, wanda ya fito a 1847, an nuna dattijon mawaƙi El Planeta yana yi masa faɗa a kan wannan murya. Aibi ce a lokacin. Duk da haka na baya suka ɗauki sunansa suka mai da shi sifa: voz afillá, murya irin ta Fillo. Ba a taɓa naɗar muryar mutumin ba, kuma wannan na ba ni mamaki ƙwarai, don kunnen jama'a kaɗai ya adana ta.

Da waƙar ta shiga gidajen shan gahawa ta zama sana'a, sai aka fara fifita zaƙin murya. Wannan ya dami mai tsara kiɗa Manuel de Falla da marubucin waƙoƙi Federico García Lorca. A watan Yuni na 1922 suka haɗu da abokansu suka shirya gasar cante jondo a harabar fadar Alhambra ta Granada, aka hana manyan 'yan sana'a shiga takara. Wani tsoho, Diego Bermúdez, ya ci kyauta, haka ma wani yaro ɗan shekara 12, Manolo Caracol. Da yaron ya girma, muryarsa ta zama wadda ake buga misali da ita in ana zancen afillá.