Kwamfutar dala 100 da ta tsaya a Galadima

A watan Janairun 2005, wani malamin jami'ar MIT ta Amurka mai suna Nicholas Negroponte ya tsaya gaban attajiran duniya a taron Davos ya ce zai ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka a kan dala 100, a miƙa wa kowane ɗan talaka tasa. Yaron da yake nufi shi ne irin wanda ke zaune a ƙasa cikin aji a Anka ko Gummi ko Bukkuyum a Zamfara, babu littafi, babu lantarki. Ƙungiyar da ya kafa, One Laptop per Child, ta sa wa na'urar suna XO.

Tun ranar farko alama ta nuna. A Nuwambar wannan shekara aka fito da samfurinta a Tunis, da wani hannu da ake murzawa ya ba ta wuta. Kofi Annan, sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya kama ya murza, hannun ya karye. Da aka zo ƙera ta gadan-gadan, sai aka cire shi.

A yi wa injiniyoyinta adalci, sun yi aiki. Kore da fari ce, launin tutar Najeriya, tana da mariƙi kamar jakar makaranta da kunnuwa biyu masu kama saƙo, ta yadda kwamfutocin aji ɗaya za su yi magana da juna ko babu intanet. Madannanta roba ce shimfiɗe, ƙura ba ta samun kafar shiga. Fuskarta, wadda Mary Lou Jepsen ta tsara, ana karanta ta tar a tsakar rana. Duk wanda ya san ƙurar hunturu da zafin bazarar Zamfara ya san ba a banza aka yi waɗannan ba.

Matsalar tana wajen ciniki. Negroponte bai yi niyyar kai ta kasuwa ba, gwamnatoci yake so su saya miliyan-miliyan don farashi ya sauko. Shugaba Olusegun Obasanjo na cikin waɗanda suka nuna za su ɗauki miliyan ɗaya. A 2007 aka raba kimanin 300 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja don gwaji, kuma sai da aka haɗa wa makarantar janareta da intanet kafin abin ya kankama. Yaran sun rungume ta, har wasunsu suka koyi kwance ta da ɗaurawa. Sai ga labari daga Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya a watan Yuli cewa an ga hotunan batsa a wasu daga cikin na'urorin. Aka sa matattara, amma magana zarar bunu ce.

A watan Mayun shekarar Obasanjo ya riga ya sauka, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau. Sabon ministan ilimi, Igwe Aja-Nwachuku, ya tambaya a BBC ina amfanin raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama. Tambayar tana da zafi, kuma babu hedimasta a ƙauye da zai ce ƙarya ce. Ga shi farashin bai tsaya a dala 100 ba. Lokacin da kamfanin Quanta na Taiwan ya fara ƙera ta da yawa a Nuwambar 2007, ta kai dala 188, wato sama da naira 20,000, a zamanin da mafi ƙarancin albashi ke naira 5,500. Kamfanin Intel kuma ya shigo da kishiyarta, Classmate, yana gwada ta a wata makaranta a Jabi, cikin Abujar dai.

Abin da ya fi shafar mai rubutu da Hausa shi ne shari'ar da ta biyo baya. XO ɗin da aka kawo Najeriya tana da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda 'yan jarida da malamai suka daɗe suna fama da rashinsu. Wani kamfani mai suna Lagos Analysis Corporation, mai allon madannai na Konyin, ya ce fasaharsa aka kwaikwaya. Ya kai ƙara a Legas, ya nemi dala miliyan 20, kotu kuma ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da raba na'urar. Ƙungiyar ta musanta zargin. Kuɗin kwamfutoci miliyan ɗayan nan na Obasanjo dai ba a taɓa biya ba.

A wasu ƙasashen ta shiga. Uruguay ta ba kowane ɗan firamaren gwamnati, Peru ta sayi dubban ɗaruruwa, Ruwanda ma ta ɗauka. Amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin ƙwazo a lissafi ko karatu ba a makarantun karkarar Peru. Jimillar abin da aka raba a duniya ya tsaya wajen miliyan 3, alhali an yi mafarkin sama da miliyan 100. A Janairun 2009 ƙungiyar ta sallami rabin ma'aikatanta, kamfanoni irin su Asus kuwa suka ɗauki dabarar ƙaramar kwamfuta mai araha suka ci kasuwa da ita.

A ganina, kuskuren shi ne an yi kaya an manta da 'yan kasuwa. Na'urar da ta shiga Anka da Gummi daga baya waya ce, kuma ba minista ne ya kawo ta ba. Ɗaya-ɗaya ta shigo, sabuwa ko ta hannu, a aljihun direba da ɗan tireda da mai haƙar zinariya a Bagega. Bayanta mai caji ya kafa rumfa da ƙaramin janareta, mai gyara ya baje teburinsa da ɗan burushi yana goge ƙura, mai turi ya zauna da tsohuwar kwamfuta yana zuba wa mutane karatun malamai da finafinan Kano. Idan gilashi ya fashe, ranar kasuwa za a samu wani. XO kuwa, in cajarta ta ƙone a Bukkuyum, babu shagon da ke sayar da irinta daga Gusau har Sakkwato, don tun farko ba a yi niyyar sayar da ita ga 'yan kasuwa ba.