Tsofaffin Soja da Ɗaukaka Ƙara a kan Fanshon Rauni

Sa'ad da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, samarin ƙasar Kano da suka yi yaƙin Bama a Runduna ta 81 da ta 82 suka komo gida, waɗansunsu da rauni. A zamanin nan Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na En'en Kano. Mutumin ƙauye kamar Unguwar Ya, in yana da kuka ga Gwamnati, sai ya bi ta hannun dagaci zuwa ga hakimi, sa'an nan Joji. A bariki da Hausa ake ba shi umurni, amma takardar sallama da ta likita da Turanci aka rubuta su. Ga tabo a jiki kowa yana gani, alhali kuwa ofis abin da ke rubuce yake bi.

To, domin mu ga yadda irin wannan kuka yake zama shari'a, sai mu dubi 'yan'uwansu na Maraɗi da Damagaram, watau waɗanda suka yi wa Faransa soja. Ran 26 ga Disamba 1959 Faransa ta kafa doka, ta tsayar da fanshon sojan ƙasashen da za su sami mulkin kai a kan kuɗin wannan lokaci, na Faransawa kuwa yana ta ƙaruwa. Dokar ta shafi mutanen Nijar, amma tsofaffin sojan Senegal ne suka ja gaba wajen ƙara. Cikin 1989 Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba su gaskiya, su 743, Faransa ba ta gyara ba. Wani saje, Amadou Diop, ya bi kotunan Faransa, har ran 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta ce an nuna masa bambanci. Shi kuwa ya rasu tun 1996. Sai cikin 2007 aka daidaita fanshon rauni, sauran fansho kuma cikin 2011.

Daga 1959 zuwa 2007 shekara 48 ke nan, mazan jiya da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su ga kuɗin ba. Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu su nemi takardun sallama da suka rage a hannun iyalai, su rubuta abin da magada suka riƙe, tun gara ba ta cinye shaidar ba.