Awon motsin ƙasa daga sama: Didier Massonnet, daga Landers zuwa Etna

A cikin wannan ƴar takarda za mu duba yadda hoton radar ya zama ma'aunin motsin ƙasa, da kuma inda ya soma ruɗin masu karanta shi. Za mu bi aikin Didier Massonnet na CNES, hukumar sararin samaniya ta Faransa, a Tuluz.

Ran 28 ga Yuni 1992 girgizar ƙasa mai ƙarfin 7,3 ta tsaga hamadar Kalifoniya kusa da Landers. Tauraron ERS-1 na Turai, wanda aka harba a 1991, ya riga ya ɗauki hoton wurin a Afrilu, ya sake ɗauka a Agusta. Radar ɗinsa yana aika igiya mai tsawon santimita 5,6, ta daki ƙasa ta komo. In ƙasa ta gusa tsakanin ɗauka biyu, nisan tafiyar ya sake. Massonnet da abokan aikinsa suka gwama hotunan, suka fid da rabon tuddai da kwaruruka, sai ga zobba jere, kowane ɗaya yana nuna milimita 28 na kusantar tauraron ko nisantarsa. Mujallar Nature ta ɗora hoton a bangonta a Yuli 1993.

Ba su suka fara ba: tun 1989 Gabriel, Goldstein da Zebker sun auna kumburin gonakin ban ruwa da hotunan Seasat. Kuma a ganinmu wurin ya taimake su ƙwarai, don busasshiyar ƙasa marar ciyayi ba ta sake fuska cikin wata huɗu.

Dutsen Etna na Italiya bai yi musu wannan sauƙi ba. A 1995 Massonnet, Briole da Arnaud suka ba da rahoton cewa dutsen yana lotsawa yayin da amansa na 1991-1993 yake ƙarewa, abin da ya sa ran samun gargaɗi kafin wani aman. Daga baya wasu masu bincike suka nuna cewa wani kaso na zobban daga iska ya fito: tururin ruwa yana jinkirta igiyar, kuma yawansa a gindin dutse ba ɗaya ba ne da na ƙololuwa. Ga mai shawarar kwashe mutane daga gari, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Shi ya sa aka koma ga tara hotuna da yawa a jere maimakon biyu, hanyar da ta yi sauƙi bayan harba Sentinel-1A a 2014, wanda ake ba da hotunansa kyauta.